Yadda Aka Ƙirga Ni Cikin Ma'aikatan Asibiti

Jama'a, yau na zama ma'aikacin lafiya ba da sanina ba!

Da safe na kai Baba asibitin gwamnati, amai da gudawa sun galabaitar da shi. Yau Asabar. Nas ɗaya ce tal a ɗakin maza, Sista Ladi. Sauran sun daina zuwa ƙarshen mako tun da aka tsayar musu da alawus.

Ta ɗaura wa Baba ruwa. Babu sandar ratayewa, sai ta miƙo mini ledar ruwan. "Malam, ɗaga sama. Kada ka sauke." Mai Keken da ya kawo mu daga Barnawa kuwa, ta ba shi safar hannu, ya kama tura gado.

Sai ga wani jami'i daga ma'aikatar lafiya riƙe da fayil. Rahotonsa ne zai sa a ƙaro ma'aikata ko a bar Sista ita kaɗai. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta.

"Mutum uku a bakin aiki. To, ina ƙarancin da ake kuka da shi?"

Sista ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tambaye su muƙaminsu, yallaɓai."

Ya juya ga mai Keke. "Kai, wane mataki kake?"

"Barnawa zuwa Nasarawa, oga!"

Na ce ni ɗan mara lafiya ne, kuma hannuna ya sage.

Ya soke uku, ya rubuta ɗaya.

Sista ta ce, "Tunda biro na hannunka, ga masu jiran kati can."

Har azahar yana rubuta kati!