Kailani Mai Gwanjo da Kaset Ɗin Aljihu

Duk wanda ya taɓa sayen rigar sanyi a layin 'yan gwanjo na Tudun Wada ya san Malam Kailani. Gajere ne mai tumbi, kafin ka hango shi ka ji dariyarsa. Shi ya sa maƙwabtansa suka daɗe suna mamakin irin kiɗan da yake ji.

Tun yana saurayi abin ya faro. Wata safiya ya kwance dilar kaya yana warewa, sai ya ji wani abu mai tauri a aljihun wata doguwar baƙar kwat. Kaset ne, rubutun jikinsa duk ya goge. Ya zura shi a rediyon shago don dai ya ji ko yana yi.

Ganga ce ta fara, ita kaɗai, a hankali, kamar ana buga ta a ɗakin da aka kwashe kaya. Sai jita mai kaurin sauti ta bi bayanta tana jan ƙafa. Can muryar wani Bature ta taso, kai ka ce daga ƙasan rijiya yake waƙar. Kailani bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Amma yana tsaye riƙe da kwat ɗin har kaset ya ƙare, ya juya ɗaya gefen.

Da ya yi aure ya kai kaset ɗin gida. Matarsa Atika ta saurara kaɗan ta ce, "Malam, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To wannan kiɗan makokin fa?"

Sai ya mayar da shi shago. Nan yake kunna abinsa ƙasa-ƙasa, musamman da damina, idan hadari ya haɗo ta wajen Dutsen Abba, ciniki ya tsaya, kowa ya ja leda ya rufe kayansa. Sai ya zauna kan dila da kofin shayi yana kallon ruwa na zuba daga kwano. Da kaset ya fara tsinkewa, Habila mai gyaran rediyo ya liƙa masa shi, daga baya ya tura masa waƙoƙin cikin waya.

Shekarar da yayansa Isiyaku ya rasu, Atika ta yi zaton kiɗan nan zai rungume. Ko sau ɗaya bai kunna ba. Ya yi ta zuwa masallaci, ya yi ta hidimar marayu. Sai da damina ta zagayo, zuciyarsa ta sauka, sannan aka sake jin gangar a shagon. A lokacin ne ya samo amsar tambayar da Atika ta taɓa yi masa kan kiɗan. Ya ce mata, "Ashe sai raina yana kwance nake iya jin sa. Kullum cikin surutu da dariya nake wuni. Shi ne yake zaunar da ni."

Bara wata ɗalibar jami'a mai suna Charity ta zo neman baƙaƙen riguna. Tana cikin zaɓe sai ta ji kiɗan, ta daskare.

"Baba, ina ka samo wannan?"

Ya ba ta labarin kwat. Ta yi ta dariya, ta ce irin wannan kiɗan gotik ake kiransa, kuma ita da abokanta irinsa suke koyon yi a garejin gidan kawunta a Gyallesu. Rigunan ma na wasan da za su yi ne.

"Au, dama akwai wasu masu jin sa a garin nan?" in ji Kailani. Ya ƙara mata wani baƙin mayafi kyauta.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ya sa hularsa ya tafi garejin. Aka ba shi benci kusa da janareta. Wani dogon yaro Adnan ya fara buga ganga a hankali, Charity ta shigo da jita, sannan ta buɗe baki. Da Hausa take waƙar. Kailani ya gyara zama. Karo na farko ke nan da ya ji irin kiɗansa da kalmomin da ya sani. Waƙar wata mata ce da ke tsaye a Kwangila cikin yayyafi tana jiran motar da ba ta zo ba.

Da suka gama Charity ta ce, "Baba, yaya ka ji?"

Ya share ido da bakin hannun riga. "Madalla. Amma 'yata, matar nan, a ƙarshe ta samu mota kuwa?"

"Ba mu rubuta wannan ba tukuna."

"To ku taimaka mata, ruwa ake yi."

Gareji ya kaure da dariya, tasa ta fi ta kowa. Suka sake yi masa waƙar ya ɗauka a waya. A hanyar gida ya tsaya ya sayi rake, yana tafe yana kwaikwayon gangar da baki, har wani mai keke ya waiwayo yana kallonsa.