Maccido da Makankarin Bature

An haifi Maccido a Tozai, shekara arba'in da uku kafin Nasara su ci Sakkwato. Ubansa masassaƙi ne, kakansa ma haka, saboda haka babu wanda ya taɓa tambayarsa sana'ar da yake so. Yana da shekara tara aka miƙa masa gizago. Yana da ashirin da biyar ya auri Hadijatu, ya kwaso kayan aikinsa ya dawo Illela, domin a nan fatake ke sauka, kuma ayari ba ya rasa mai neman akushi ko ƙotar gatari.

A ƙasa yake aiki, kamar yadda ya gada. Sai ya zauna ya danne itace da tafin ƙafa biyu, ya riƙa sara yana jawo gizago wajen jikinsa. Turmi kwana uku, akushi yini guda, allon aduwa kafin azahar. In ya gama sara ya bi da yashi da ruwa har itacen ya yi santsi. Mutum ne mai tsabtar aiki, mai tsoron hukuma kuma. Ko dogari ya hango daga nesa, sai ka ga ya tuɓe takalmi.

Zana ɗaya ta raba gidansa da maƙerar Yari. Shekara ashirin da biyu, duk ƙarfen Maccido da ya dakushe a wutar Yari yake kwana. Yari ya sa shi a gawayi har ya yi ja, ya buge bakin a kan uwar maƙera, ya tsoma a ruwa, ya wasa. Haka ake gyaran ƙarfe a garin nan, ba su san wata hanya ba. Yari ya girmi Maccido da shekara takwas, amma ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Mai ci da icce, yau ma ka kashe mani ƙarhe?"

"Ƙarhen naka ne rago, Sarkin toka. Da ya ga ƙirya sai shi kwanta."

A shekara ta huɗu bayan zuwan Nasara aka zo shata iyaka tsakanin Illela da Ƙonni. Turawan iyaka suna da kaya masu yawa, kuma a ka ake ɗaukarsu. Aka aiko wa hakimi cewa ana son maza goma sha biyu, su yi dako zuwa gabas, ba a faɗi ranar dawowa ba. Mutane sun riga sun ji labari daga garuruwan yamma: ana tafiya tun asuba har rana ta take, wanda ya faɗi a bar shi inda ya faɗi. Maccido yana da ciwon gwiwa tun faɗuwarsa daga kan gawo. Ya san in aka ɗora masa akwati, ba zai ga damina ba.

Ana cikin haka sai Mukhtari masinja ya zo ƙofar gidansa. Shi ne tafintan Baturen da ke gina bariki a bakin gari, saurayi mai jan dara da tsinin baki.

"Kai ne tsohon da ke sassaƙa? Tashi, Zaki na kira."

Baturen tebur yake so, mai tsawon kamu huɗu, wanda zai shimfiɗa takardunsa a kai. Mukhtari ya ce duk mai yi wa bariki aiki ba a sa shi cikin 'yan dako. An riga an cire Yari, domin shi ke ƙera ƙusoshi. In Maccido ya gama tebur kafin Bature ya dawo rangadi, kwana tara, shi ma ya tsira.

Daga nan Baturen ya buɗe akwati ya fito da abubuwa biyu. Kowanne kamar ɗan ƙaramin kwami ne, da tsaga a cikinsa, an soka wata wuƙa mai faɗin yatsa uku a karkace ta leƙo kaɗan daga ƙasa. Ɗaya dogo ne na itace, ɗayan gajere na ƙarfe mai mariƙi biyu. Ya ɗauki gajeren ya tura shi sau uku a kan murfin akwati. Itacen ya riƙa fitowa yana naɗewa kamar ɓawon albasa, wurin ya yi sumul. Maccido ya shafa da yatsa. Abin da yake yi da yashi rabin yini, an yi shi kafin mutum ya haɗiye yawu.

Aka ce ya zaɓi ɗaya. Ya zaɓi na ƙarfen, domin a ganinsa itace bai isa ya ci itace ba. Baturen ya ciro wani ɗan dutse mai faɗi cikin gidansa na katako, ya yi dogon bayani yana nuna wuƙar, yana nuna dutsen, yana murza yatsa kamar mai ɗiga mai. Mukhtari ya saurara har ƙarshe, ya juyo.

"Ya ce ka yi sauri."

Dutsen kuwa Mukhtari ya zura shi a aljihun rigarsa, don ya dace da askarsa. Maccido ya gani. Bai tambaya ba.

Mutanen gari suka sa wa abin suna makankarin Bature. Ƙirya Maccido ya saro daga wajen Kalmalo, saboda gara ba ta cin ta. Kwana biyu ya yi yana tsaga ta da gatari yana rage ta da gizago, har ya sami falanki huɗu. Rana ta uku ya zauna a ƙasa, ya danne falanki da ƙafa, ya jawo makankarin wajen cikinsa yadda hannunsa ya saba. Abin ya yi ta tsalle yana yagar itace. Yari ya leƙo ta saman zana yana dariya.

"Mi kaka yi haka, awa mai tatsar akuya? Ba ka ce tura shi Baturen ya yi ba?"

Maccido ya kafa turaku huɗu ya maƙale falankin, ya durƙusa a kan gwiwar mai lafiya, ya tura. Sai ga ɓawo ya fito yana naɗewa. Ranar ko abinci bai nema ba. Hadijatu ta kwashe ɓawon cikin ƙwarya ta kai wa maƙwabta su gani.

Amma ƙirya ƙirya ce, ga kuma yashin da ke manne da itacen da ake aiki a ƙasa. Rana ta biyar da hantsi makankarin ya daina ci. Falanki biyu sun yi, biyu suna nan. Maccido ya lalubi yadda ake kwance wuƙar, ya zare ta, ya zagaya maƙera.

Yari ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne.

"Wanga ba ƙarhena ba ne, Maccido. Ban san da mi aka yi shi ba. Ka bari mai abu shi dawo."

"In ya dawo bai iske tebur ba, kai za ka ɗaukar mani akwati?"

"Ka wasa ga dutsen niƙa mana."

"Na gwada, sai ƙara dakushewa ya yi. Ko dai wutar taka ce ta tsuhwa? Hwaɗa mani gaskiya in tahi Gidan Katta, can akwai maƙera."

Yari ya dube shi. Maccido ya sauke murya ya kama gefen rigarsa.

"Don Allah, Yaya. Don zaman tare."

Yari ya zuga wuta. Wuƙar ta yi ja, ya buge bakin kamar yadda yake yi wa gizago. Da ta huce sai ta ƙi shiga tsagar, domin ta baje. Ya rage gefunan da magagari har ta shiga. Turawar farko bakin ya lanƙwashe kamar ganye. Ya sake mayar da ita wuta, wannan karon ya tsoma ta a ruwa da zafinta. Suka ji ƙas. Bakin ya tsage gida biyu, wani ɓangare ya faɗa ƙasan kwamin ruwa.

Maccido ya mayar da wuƙar gidanta, ya naɗe makankarin a tsumma.

Sauran falanki biyun da gizago da yashi ya gama su. Kwana huɗu yana gurza, har fatar yatsunsa ta saɓule. Ya haɗa teburin da ƙusoshin Yari. Duk wanda ya shafa bai iya bambanta aikin makankari da aikin hannu ba.

Ranar Talata bayan la'asar Baturen ya dawo. Ya zagaya teburin, ya ɗora tafin hannu ya ja daga wannan baki zuwa wancan, ya gyaɗa kai. Maccido yana tsugune, zuciyarsa ta fara kwanciya. Sai Baturen ya miƙo hannu a ba shi kayansa. Ya kwance tsumman, ya juya makankarin, ya zare wuƙar. Ta yi baƙi, ga shatar guduma a jikinta. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya yi magana gajeriya.

"Zaki na tambaya," in ji Mukhtari, "ba a ba ka dutsen wasawa ba?"

Yana faɗa yana kallon Maccido cikin ido, hannunsa a kan aljihu. Maccido ya ga aljihun. Ya tuna cewa duk abin da zai faɗa, ta bakin wannan saurayin zai bi kafin ya kai kunnen Bature.

"An ba ni, ranka shi daɗe."

"To wa ya sa ta wuta?"

"Yari."

"Kai ka kai mashi?"

Gwiwar Maccido tana zogi saboda tsugunno. Ya dubi ƙasa.

"Na tahi masallaci ne. Da na dawo na iske ya ɗauka. Ya ce yana son shi ga irin ƙarhen Nasara."

Aka kawo Yari da warkinsa na aiki, hannunsa duk gawayi. Mukhtari ya maimaita masa maganar, har da ƙari. Yari bai dubi Bature ba, bai dubi masinja ba.

"Maccido, haka aka yi?"

"Haka aka yi."

Yari ya ce, "To."

Bulala goma sha biyu aka yi masa washegari a bakin kasuwa, aka tara mutane su gani. Mukhtari ne ke ƙirgawa, a ta bakwai ya ce ya ɓata lissafi, a koma ta biyar. Bayan kwana uku ayarin dako ya tashi, Yari ne na goma sha uku. An ɗora masa akwatin ƙarfe a ka, bayansa bai ko bushe ba. Maccido bai fita rakiya ba, yana bariki yana auna ƙyaure.

Da ya koma gida Hadijatu ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a kansa.

"Malam, ni fa ina bayan zana rannan. Na ji ka da kunnena kana roƙonai."

"To mi kika so? In tahi ni?"

Ta tura masa ruwan wanke hannu da ƙafa, ta koma madafa. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta mutu, kuma ba ta sake shiga gidan Yari ba, don ba ta iya haɗa ido da matarsa.

Baturen ya sa aka kawo sabuwar wuƙa daga Sakkwato. Wannan karon da hannunsa ya nuna wa Maccido yadda ake ɗiga mai a dutse, a kwantar da bakin, a murza a hankali. Abin bai fi minti biyar ba. Maccido ya kama nan take, domin hannunsa mai kyau ne. Ya yi ƙyaure biyu, kujeru shida, da gadon Bature.

Cikin mutum goma sha uku, tara suka dawo bayan wata bakwai. Yari yana cikinsu, amma wuyansa ya karkace gefe guda, hannun damansa na rawa, ko ludayi ba ya riƙewa balle guduma. Wata safiya ya ja jiki ya zo ƙofar bariki. Maccido yana ƙarƙashin rumfa yana tura makankari, Mukhtari yana zaune kan tebur yana cin goro.

"Mai ci da icce," in ji Yari, muryarsa ƙasa ƙasa. "Sanda nika so. Ka sassaƙa mani sanda in riƙa dogarawa."

Ga guntun ƙirya nan birjik a ƙafar Maccido, aikin da bai fi sara ashirin ba. Mukhtari ya tofar da goro.

"Baba, wannan ba shi ne ɓarawon ƙarfen nan ba? Ashe har yanzu kuna tare? An fa aiko neman wasu mutum takwas. Zaki zai so ya ji."

Maccido ya ajiye makankarin. Ya miƙe, ya ɗaga murya yadda leburorin da ke kwaɓa ƙasa za su ji.

"Tahi ka ba mu wuri! Nan wurin aiki ne, ba wurin bara ba."

Yari ya juya da kyar, domin sai ya juya da jikinsa duka. Ya bi gefen katanga yana dafawa har ya sha kwana. Bai kai kaka ba. Maccido ya je jana'iza, ya tsaya a sahu na biyu.

Daga wannan shekara zuwa rasuwar Maccido, sau shida aka nemi 'yan dako ko leburori daga Illela, ba a kira sunansa ko sau ɗaya ba. Ya yi shekara goma sha tara yana aikin bariki, har mutane suka daina ce masa masassaƙi, suka koma kafinta. Ya rasu yana da sittin da shida, ranar Alhamis da walaha, a ɗakinsa, bayan jinyar kwana biyu.