Ƙarfen da Ke Bayan Motar Kama-Nan

Mijin yayata direba ne, kuma duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke a hanyar garinmu ya san shi. Kama-Nan ake ce masa. Sunan ya samo asali ne daga wani dogon ƙarfe da ya sa mai walda ya liƙa masa a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, aka kuma rubuta a samansa da jan fenti: KAMA NAN.

Kafin ya zama direba, da keke yake dakon buhuna. Wata rana a kan tudu ya kama bayan wata babbar mota don ta ja shi, sai wanda ke zaune a kan kaya ya ƙwala masa sanda a hannu. Har yau ƙaramin yatsansa a karkace yake. Ranar da ya mallaki mota tasa, tun kafin ya sayi tamfol ya sa aka yi ƙarfen nan. In ya hango mai keke yana fama da hawa, sai ya rage gudu, ya fito da hannu ya bubbuga ƙofa. Yayata takan ce ya fi sanin masu keken hanya a kan 'ya'yansa, shi kuwa sai ya ce ai 'ya'yan ba su ɗauke da buhu.

Motar ta tsufa, ba na musu. Amma shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, ita ta yi ta kai da komo tana kwashe mutane da katifu da awaki zuwa makaranta, ruwa har ya kusa taɓa ƙofarta. Tun daga nan ba mai zaginta a gabansa.

Ambaliyar nan ce ta sa limamin masallacinmu da faston cocin bayan kasuwa suka haɗa kai. Suka ce ruwa bai tambayi addinin kowa ba da ya shigo, don haka za su tara masu keke su ratsa ƙasa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, gari gari, suna faɗa wa mutane yadda yanayi ke sauyawa, da alhakin da ke kanmu na sare itatuwa da cika sama da hayaƙi. Ni mai facin keke ne, aka ce in bi su da akwatin kayan aikina. Kama-Nan kuwa ya miƙe a taro ya ce motarsa za ta ɗauki jakunkuna da jarkokin ruwa don Allah. Ya wanke ta kamar zai kai ta ɗaurin aure, da hannunsa kuma ya ɗaura farin ƙyallen tafiyar a bayanta, sama da ƙarfen. An rubuta a jiki: ISKAR NAN AMANA CE.

Burinsa ɗaya ne, ya faɗa mini ya fi a ƙirga. Yana so ranar ƙarshe ya shiga babban birni a bayan ayari, ƙyallen yana kaɗawa, yayata ta gani a waya.

"Mai Faci," in ji shi, "kai dai ka gyara zama. Ranar nan har hon zan bar ka ka danna."

Kwanakin farko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka yi su, muna biye da su can baya, ba wanda ya damu da hayaƙin da motar ke fitarwa ta salansa. Sai muka iso wani tudu mai tsawo, wanda garin da za mu sauka yake a kansa. Matasa suka haye. Liman kuwa dattijo ne, ƙirjinsa ma ba lafiyayye ba, muka tarar da shi a tsakiyar hawa keken yana tangaɗi. Kama-Nan bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Ya wuce gabansa, ya rage gudu, ya bubbuga ƙofa.

"Kama nan, Malam! Kama, in kai ka."

Liman ya kama. Fasto ya kama a ɗaya gefen, wasu mata biyu ma suka kama. Mota cike da kaya, ga tudu, ga giya ta ɗaya. Ya taka totur, injin ya yi gurnani. Mu a gaba ba mu ga komai ba, murna ma muke yi. Yana ta ce mini, "Ka gani? Wannan ƙarfen bai taɓa ɗaukar lada irin ta yau ba."

A kan tudun mutanen gari ne maƙil, da 'yan makaranta riƙe da dashen itatuwa, kowa ya ɗaga waya. Muka tsaya, muka sauko da fara'a. Sai muka ga abin da suke ɗauka. Hayaƙi baƙi ƙirin bai gama bajewa ba. Farar rigar Liman ta koma kamar tsumman goge tukunya, gemunsa ya yi baƙi, ya durƙusa yana tari kamar ransa zai fita. Fasto yana share ido da bayan hannu. Sama da kawunansu kuma ga ƙyallen nan da rubutunsa.

Wani ya fara dariya, sai ta kama ko'ina. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na juya in kalli Kama-Nan, na ga ya cire hularsa yana murza ta, idonsa a kan tayar mota. Liman bai iya yin jawabi ba ranar, asibiti aka kai shi aka yi masa ƙarin numfashi.

Kafin mu kai gari na gaba bidiyon ya riga mu isa. Yara suna bin mu suna cewa ga motar wa'azin hayaƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai, da yawa cikin masu dariyar a kan babura suke, nasu salansan ma ba turare yake fitarwa ba. Na so in sauka in tanka, Kama-Nan ya riƙe mini hannu.

"Bar su. Ƙarya suka yi?"

A cikin ayari ba wanda ya ce masa uffan, kuma wannan ne ya fi cin sa. Ya kwance ƙyallen, ya wanke, ya ninke, ya ba ni in miƙa wa Fasto. Ya daina bin su a baya. Da gari ya waye sai mu riga su tashi, mu sauke kaya a masauki, ya kai motar bayan wata katanga ya ɓoye. Abinci ma a cikin mota yake ci. Na buɗe injin na duba da ɗan sanin da nake da shi, wani makanike ma ya duba, ya ce wannan ba ciwon gyaran hanya ba ne, tsufa ne.

Da Liman ya samu sauƙi ya dawo cikinmu, da ƙafarsa ya zagayo bayan katanga ya same mu.

"Direba, me na yi maka kake guduna?"

"Malam, ni na yi maka."

"Ka ja ni ne da na gaza. Ni na kama, ba ɗaure ni ka yi ba. Ranar ƙarshe ina so in waiwaya in gan ka."

Kama-Nan ya ce to, kansa a ƙasa. Da Liman ya juya zai tafi sai tari ya sarƙe shi, ya dafa katanga har ya lafa. Na ga fuskar mijin yayata a lokacin, na san wannan "to" ɗin ba ta da ƙafa.

Ranar ƙarshe muka sauke kaya a bakin birni. Ana jin lasifika daga nesa. Na ce, "Yaya, tashi mu je, ka yi mini alkawarin hon." Bai yi dariya ba. Ya ce in ara masa zarton ƙarfe. Na zaci wani abu ne ya kwance, na ba shi. Ya zagaya baya ya fara yanka ƙarfen.

"Yaya, ka haukace ne? Laifin salansa ne, ba na ƙarfe ba!"

"Shekara nawa ina jan mutane a nan?" in ji shi, bai daina yanka ba. "Duk abin da Malam ya shaƙa, su ma shi suka shaƙa. Su dai ba fararen kaya suke sawa ba, shi ya sa ban gani ba. Suna tari suna yi mini godiya."

Daga baya aka ce mana Liman ya yi ta waiwaye a kan dandamali, har ya kira sunan Kama-Nan a lasifika. Shi kuwa a lokacin yana zaune a ƙasa bayan mota, ƙarfen a kan cinyarsa.

A hanyar komawa gida, mu biyu, muka cimma wani mutum a kan tudu da buhunan albasa a keke. Ƙafar Kama-Nan ta rage gudu da kanta, hannunsa ya fita ya bubbuga ƙofa kafin ya tuna. A madubi muka ga mutumin ya ƙara himma, ya karanta jan rubutun, ya miƙo hannu. Ba abin kamawa. Keken ya karkace, da ƙyar ya dafe ƙasa da ƙafa, ya bi mu da kallo irin na wanda aka yi wa wasan banza.

Kama-Nan ya gangara gefe ya kashe injin. Ya sauka, ya koma da ƙafa, ya sa kafaɗa a bayan buhunan ya fara turawa. Mutumin yana faɗa, yana tambayar ina ƙarfen da aka ce ya kama. Kama-Nan bai ɗago kai ba, ya ci gaba da turawa har suka kai ƙarshen tudun.