Igiyar Shanyar Inna

In ka taɓa bi ta ƙaramin filin ƙwallon da ke bayan tashar mota da sassafe, to ka ga Bango, ko da ba ka san shi ne ba. Shi ne dattijon nan mai ɗingishi da ke tura kurar fenti yana ja wa fili layi, yana masifa shi kaɗai. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan aiki. Ya yanke ciyawa, ya ba ta ruwa, ya ɗinke raga in ta yage, ya kori awaki. Layinsa kuwa, a faɗi gaskiya, ko da ma'auni ka zo ba za ka sami karkata ba. Mutum ne mai son abu ya miƙe. Abu ɗaya ne ya ƙi miƙe masa a duniya, shi ne zancen ƙaninsa.

Ƙanin nasa shi ne Koci. E, wannan Kocin dai da kuke gani a talabijin, hannu a aljihu, yana tauna cingam a bakin layi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, Bango ya ba shi shekara shida.

A zamanin ƙuruciyarsu, wa ya san wani Koci? Bango ake ji. Ɗan baya ne, irin wanda in ya tsaya a gabanka sai dai ka koma inda ka fito, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Ƙanin kuwa ƙwallo ba ta yi da shi. In aka ba shi ita sai ta gudu kamar ta ga mai binta bashi. Ɗumama-Benci ake ce masa. Albarkacin yayansa ake ba shi riga, ya zauna a gefe da ɗan littafi a cinya yana 'yan rubuce-rubucen da babu wanda ya damu ya duba.

To, a shekarar da Bango ya zama kyaftin, abin da ke cin ƙungiyarsu shi ne 'yan baya ba sa tafiya tare. Uku su hau gaba don su kama abokin hamayya da satar gida, ɗaya ya tsaya a baya yana gyaran safa, sai ka ji ƙwallo a raga. Bango ya yi ihu har muryarsa ta dishe, a banza. Wata safiya yana wanke fuska a tsakar gida, sai idonsa ya faɗa kan igiyar shanyar Inna, mahaifiyarsu. Riguna huɗu ne a kanta, iska na kaɗa su, duk inda ɗaya ta yi sai sauran su bi. Ya tsaya da ruwa a fuska yana kallo.

Da yammar ranar aka ɗaure 'yan baya huɗu a ƙugu da igiyar nan, taku takwas tsakanin mutum da mutum. Wanda ya makara, igiya ta fizge shi ya sha ƙasa. Wanda ya yi gaggawa, ya kayar da 'yan'uwansa su tashi su rufe shi da zagi. 'Yan kallo suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Bayan sati biyu aka kwance igiyar, amma mutanen nan suka ci gaba da tafiya kamar tana nan. Wasa tara a jere ba a zura musu ko ɗaya ba.

Iyakar inda Bango ke tsayawa ke nan in yana ba kansa labarin. Akwai ɗan guntun da yake tsallakewa, ni kuwa ba zan tsallake ba. Ba shi ya kwance igiyar daga tsakar gida ba. Ƙaninsa ya aika, ya ce ya yi maza kafin Inna ta dawo daga maƙwabta. Garin sauri ƙanin ya zubar da jiƙaƙƙen wanki a ƙasa, Inna ta kama shi, ta yi masa lilis da silifa. Har ta gaji ta bari bai ce Yaya ne ya aike shi ba.

Yana da shekara ashirin da shida wani ɗan gaba ya sauka a kan gwiwar Bango da duka nauyinsa. Shi ke nan, ƙwallo ta ƙare. Ya yi jinya, ya yi 'yan buge-buge, daga baya aka tausaya aka ba shi aikin kula da fili. Shi kuwa Ɗumama-Benci ya ɗauki littafinsa ya tafi kwas ɗin horarwa. Bango da kansa ya raka shi tasha, yana dariya a ransa, wai wanda bai iya tare ƙwallo ba zai koya wa wasu.

Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Aka ba ƙanin wata ƙungiya da ke can ƙasan rukuni na uku, 'yan wasanta ko takalma ba su cika ba. Cikin shekara huɗu ya hau da ita rukuni na ɗaya. Babbar ƙungiya ta ɗauke shi, ya ci mata lig sau huɗu, kofin ƙalubale sau biyu. Akwai kakar da aka yi wasa goma sha tara ba a taɓa ragarsa ba. Aka kira shi waje, ya yi shekara biyar, ya dawo da wani kofin da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Kuma duk inda ya je, ranar farko ta atisaye, sai ya fito da igiya ya ɗaure 'yan bayansa huɗu a ƙugu.

Ranar da ciwon ya shiga Bango, a gaban mai jarida ne. Ya hango hoton ƙaninsa, a samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: IGIYAR KOCI. Ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Igiyar wa? Mai jarida ya miƙo masa yana cewa, "Karanta ka ji, ai har..." Bango ya ture hannunsa ya wuce. Bai karanta ko layi ɗaya na ƙasan hoton ba.

Daga ranar ya kafa doka, a gida da waje: kada wanda ya ƙara kawo masa abin da Koci ya ce. Wanzamin unguwa ya taɓa mantawa, ya fara, "Kai, jiya ka ji ƙaninka a rediyo kuwa? Cewa ya yi..." Bango ya miƙe da rabin aski ya fice, bai sake komawa shagon ba. Matarsa ta gwada ya fi a ƙirga.

"Baban yara, don Allah ka tsaya ka ji. Ƙaninka fa ya ce..."

"In kin ƙarasa, wallahi a sito zan kwana!"

Sai ta ja bakinta ta tsuke. In Koci ya zo gaisuwa da motarsa mai baƙin gilashi, Bango ya amsa a tsaye, "Lafiya lau," ya ce ciyawa na jiran ruwa. In an tambaye shi me ya haɗa su, amsarsa ɗaya ce: "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Ko da yake in bugu ake magana, kun dai ji wanda ya sha.

Abin dariyar shi ne, babu wasan Koci da ya taɓa wuce shi. Sai ya shige sito, cikin buhunan taki da tsofaffin raga, ya kunna ƙaramar rediyonsa, ya zauna yana fatan a lallasa su. In an zura musu, har abinci ya fi yi masa daɗi. Amma da mai sharhi ya ce, "Tuta ta tashi, satar gida! 'Yan bayan nan kamar an ɗaure su!" sai ka ga ƙafar Bango mai lafiyar ta buga ƙasa da kanta, sannan ya ja tsaki, don ya tuna sunan wa za a kira. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne. Ba motar yake so ba, ba kofunan ba. So yake sau ɗaya tak duniya ta ji cewa igiyar nan tasa ce. Ana busa usur ɗin tashi kuwa, kafin a kai wa Koci abin magana, sai ya murɗe rediyon ƙit. Shekara ashirin da biyu bai taɓa kuskure ba. Wai ba zai zauna ya ji ɓarawo yana yabon kansa ba.

Bana Koci ya ce ya gaji, zai ajiye aiki. Aka aiko wa Bango da katin gayyata zuwa wasan ƙarshe, mai ruwan zinare a gefe. Ya ninke shi huɗu ya tokare ƙafar teburin sito da ke rawa. Amma da ya ji gidan rediyo na sanar da cewa bayan wasan za a buɗe layi masu saurare su yi wa Koci ban kwana, sai wata dabara ta zo masa. Yau ko gobe ai sai gaskiya ta yi halinta. Zai kira, a gaban kowa, ya fasa ƙwai. Kwana uku yana tura kurar fenti yana bitar abin da zai faɗa, har sai da layin tsakiya ya ɗan karkace, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar wasan a gida ya zauna, don wayar matarsa ta fi tasa ji. Ya kafa kujera a tsakar gida, rediyo a kan turmi, ita kuma tana kwashe shanya. Aka tashi biyu da nema, ƙungiyar Koci ta ci. Da usur ya yi ƙara, hannunsa ya kai kan rediyon da kansa, ya fizge shi da ƙyar. Dole yau ya bar ta a kunne, in ba haka ba yaya zai san an buɗe layi? Ya danna lambar ya kara a kunne, aka ce ya dakata.

"Koci," in ji mai gabatarwa, "na san masu saurarenmu sun haddace labarin, don babu hirar da ba ka ba da shi. Amma yau ce ta ƙarshe. A sake ba mu labarin igiyar yayanka."

Bango ya ɗago kai ya dubi matarsa. Ita kuwa ta ci gaba da ninke zane.

Muryar ƙaninsa ta fito, ta tsufa fiye da yadda yake zato. "Ai ba na gajiya da shi. Igiyar shanyar mahaifiyarmu ce. Yayana ne ya ga riguna huɗu a kanta, ya ga abin da babu wanda ya gani. Ni ina benci ina rubutawa kawai. Kullum ina gaya wa 'yan jarida su daina cewa igiyar Koci, igiyar Bango ce, ba sa ji. Da gwiwarsa ba ta karye ba, da ni ne mai riƙe masa jaka. Na sa an ajiye masa kujera kusa da ni yau. Ga ta nan, babu kowa a kai. Shekara ashirin da biyu ina faɗa, bai taɓa ce mini ya ji ba. Wataƙila ban iya faɗa ba ne."

Bango ya ce da matarsa a hankali, "Kin sani?"

"Duk garin nan wa bai sani ba? Wanzami ya sani, mai jarida ya sani, 'ya'yanka sun sani." Ta ajiye zanen a kwando. "Ka taɓa bari na kai ƙarshen magana?"

Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Kuma don ku san hali zanen dutse ne, har a lokacin sai da wani ɗan kishi ya motsa masa: wato har a iya zumunci ma yaron nan ya fi shi. Yana cikin wannan sai wayar ta yi ƙara a kunnensa, ya ji muryar mai gabatarwa a waya da rediyo lokaci guda.

"Mai kira na farko, kana kan layi. Me za ka ce wa Koci?"

Duk bitar kwana uku ta bi iska. Ya ɗaga ido, sai ga igiyar shanyar matarsa a saman kansa, babu komai a kanta.

"Akwai gyara a labarin nan," ya ce. "An bar wani wuri a karkace. Dabarar ta yayan ce, gaskiya ne. Amma ba shi ya kwance igiyar ba. Ƙanin ya aika. Ƙanin ne ya sha silifa a hannun Inna, har ta gaji bai faɗi wanda ya aike shi ba. A rubuta wannan ma."

Mai gabatarwa ya fara tambayar wa ke magana, amma wata murya ta katse shi, ba muryar Koci mai kofuna ba, muryar yaron nan na kan benci.

"Yaya? Yaya, kai ne? Ka ji?"

Bango ya share fuska da gefen rigarsa. Matarsa ta matso ta ƙara sautin rediyon, bai hana ta ba.

"Na ji," ya ce. "Yau na ji."