Ranar da ruwa ya wuce gonata a Jiratawa

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka fara buɗe ofis a kowace unguwar Maradi, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Yajin aiki ya fi aikin yawa, don haka na kama 'yar gona a Jiratawa na dasa tattasai. Da shi nake sa ran ciyar da gidana. Ruwan can kuwa bi da bi ne. Ranarka in ta zo, ka buɗe bakin kanal ka shayar. In ta wuce ka, sai ta zagayo.

Wani mako sai wani abokina ya dawo daga Lome da wani sabon abin wasa, ya ara mini. Girmansa bai wuce sabulun wanki ba, gilashinsa kore-kore kamar miyar kuka, yana cin pil, wato batir, guda huɗu. Wasu 'yan tubala ke faɗowa kana jerawa, yana wani kiɗa mai shiga kai. Na taɓa shi sau biyu na ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne.

Ranar ruwana sai mahaifiyata ta tashi da zazzaɓi a Tibiri. Na roƙi yayana ya tsaya mini a gona. Mutum ne mai gemu da 'ya'ya biyar.

"Tahi abinka," ya ce. "Buɗa ruwa har wani aiki ne?"

Ni da wayona, don kada zaman jira ya ishe shi, na ɗauki abin nan na danƙa masa da hannuna.

Da la'asar na iso. Ƙasa a bushe ƙamas, tattasai ya sunkuyar da kai, ruwa ya koma gonar gaba tun azahar. Yayana na gindin mangwaro, ko sallamata bai amsa ba.

"Yaya, ina ruwan?"

"Dakata, saura kaɗan in cike layin ga."

Maƙwabcina na gona ya ce sau uku yana kiransa, shi kuwa yana ɗaga hannu wai yana zuwa. Ba a zagin babban wa, sai na tsaya ina haɗiyar maganganu. Can abin ya mutu a hannunsa. Ya juya shi, ya bubbuga, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ba ka taho da wasu pil ba?"

Kafin ruwa ya zagayo, fiye da rabin dashen ya ƙone. Ranin nan da tuwo da busasshiyar kuɓewa muka ƙare shi.

Mun daɗe da shiryawa da yayana, yanzu har jikoki gare shi. Na kuma san rabin laifin nawa ne, tunda ni na kai masa. Tattasan na yafe tuntuni. Tambayar pil ɗin nan ce har yau in na tuna sai na ji wuyana ya yi zafi.