Injin da ke shaƙewa a fadamar Kawu

Jiya injin ban-ruwan maƙwabcinmu ya yi tari ya mutu, sai na ji kamar Kawu na tsaye a bayana. In ban yi kuskure ba, shekara ke nan da rasuwarsa.

Haka namu ya riƙa yi a fadamar Kusada, daidai lokacin da albasa ke tsananin son ruwa. Ya ɗauka da ƙarfi, can ya shaƙe, ruwa ya tsinke a bakin tiyo. In aka ja igiya kuma ya tashi garau. Na ce ƙila fulogi ne, ko gurɓataccen mai, ban dai tabbata ba.

"Mi kake gaggawa, ɗana?" in ji Kawu. "Inji yana lafiya ba ya faɗin ciwonsa. Zauna mu jira shi."

Muka zauna cikin warin fetur da danshin laka, tafinsa na kan tanki. Da injin ya fara shaƙewa, ya sassauta murfin. Iska ta shige, fiiit, ƙarfi ya dawo. Ashe laka ce ta toshe 'yar kafar murfin da iska ke shiga tanki.

Daga baya ƙirjin Kawu ya soma kamawa yana saki. Duk ranar da na kai shi asibiti a Kankiya, kafin mu isa ciwon ya lafa, har yana tsokanar masu awo. Ina yawan tunanin da ciwon ya tashi a gabansu ko sau ɗaya, wataƙila da sun gano shi. Allah ne masani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci.