Ciwon da ya sa na ɗaga wa Inna murya

Assalamu alaikum. Kun saba ganin ina saka hotunan ɗinki a nan. Yau wani abu zan faɗa wanda na binne fiye da shekara arba'in. Ko 'ya'yana ba su sani ba.

Lokacin ina saurayi, ina ɗinki a kasuwar Gwaram. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne, kowa na son sabuwar riga, keke ba ya hutawa.

Da hannu abin ya fara. In ɗauki zare in sa a allura, yatsu su yi ta rawa. Sai gumi, ko da sanyin asuba. Ina cin tuwon mutum biyu amma wando na zamewa. Zuciya tana bugawa kamar na yi tsere. Idanuna suka firfito.

Ban gaya wa kowa ba. In mai kaya ya tsaya a kaina, sai in ɓoye hannu a ƙarƙashin yadi.

A gari aka fara cewa shaye-shaye nake yi. Na ji, na haɗiye.

Abin da ya fi muni shi ne fushi. Magana kaɗan, sai in ji kaina ya ɗau wuta.

Wata ranar kasuwa mahaifiyata, Inna, ta tako har rumfa da fura, don ta ga ina ramewa. Ta ce in sha, in kuma bari a kai ni a duba ni. A gaban mutane na ture ƙwaryar, na ce, "Ki fita harkata, tsohuwa."

Inna ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Har yanzu da nake rubuta wannan, kaina a ƙasa yake.

Bayan kwana biyu ƙaninta, Kawu Sule, ya zo. Na ɗauka duka zai yi mini. Sai ya ce in sa takalmi, Birnin Kudu za mu. A cikin mota na ji cewa tunkiyarta Inna ta sayar don kuɗin tafiya da magani.

A asibiti muka karɓi kati muka bi layi. Likita ya ce in miƙa hannuwa, ya ɗora takarda a kai, takardar tana karkarwa. Ya ƙirga bugun jini a wuyan hannuna. Ya zagaya bayana ya dafa maƙogwarona, ya ce in haɗiyi ruwa. Aka ɗibi jini aka aika Kano. Sati biyu ina jira, ina tunanin hauka ce ke tafe.

Da sakamako ya zo, ya yi mini bayani. Ya ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa. Tana zuba wani sinadari cikin jini, shi ke tsara saurin aikin jiki. Tawa ta wuce ƙa'ida, shi ya sa zuciya da jijiyoyi suke gudu ba birki.

Na tambaye shi ko ciwon ne ya sa na yi wa uwata rashin kunya.

Ya ce, "Yana kawo saurin fushi, gaskiya ne. Amma ka je ka ba ta haƙuri."

Na sha ƙwayoyi shekara ɗaya da rabi, duk wata ina komawa awo. A wata na uku na sa zare a allura a gwaji ɗaya.

Haƙurin ne ya fi maganin wuya. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinta ina juyawa. Na huɗu na durƙusa, na fara kawo maganar likita.

Ta tare ni. Ta ce, "Bar likita. Ni na haife ka, na san ba lafiya ba. Tashi, na yafe."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Kawu Sule, Ya saka wa likitan nan da alheri.

'Yan uwa, in kun ga mutum yana ci yana ramewa, hannu na rawa, halinsa ya sauya, kada ku yi saurin sa masa suna. Ku kai shi a duba wuyansa da jininsa. Wanda aka ɗora wa magani kada ya yanke don ya ji sauƙi.

Wanda kuma ya ɓata wa wani rai a cikin ciwo, ya je ya nemi gafara tun mutumin yana da rai.